Yadda Muka Yi wa Jirgin Baba Mazauni

Da yawanku kun ga jirgin katakon nan da aka ajiye a ɗakin Makarantar Lahadi, wasu kuma sun tare mu bayan sujada suna tambaya, wai me ya sa ɗan abin da za a ɗora shi a kai ya cinye mana Asabar har 5. Mu 'yan kwamitin aikin hannu na zumuntar matasa, ga bayaninmu.

Jirgin ruwa ba a yi shi don zaman tudu ba. Kujera tana da ƙafafu, tebur ma haka, amma shi cikinsa a gantsare yake, da katako guda siriri da ya bi ta ƙarƙashinsa tun daga goshi har baya, wanda za mu riƙa kira ƙashin baya. In yana cikin ruwa, ruwan ne ke tallafe shi ta ko'ina lokaci guda, kowane falanki da rabonsa, babu inda nauyi ya taru. Da zarar an fito da shi, sai duk nauyin ya koma kan ɗan wurin da ya taɓa ƙasa, ya kishingiɗa gefe ɗaya. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan, shi ya sa ba sa dire randa a kan siminti sai sun yi mata gurbi a yashi. To, aikin mazauni shi ne ya kwaikwayi ruwa gwargwadon iyawarsa, kuma katako ba ya kwaikwayon ruwa da sauƙi.

Wanda ya sassaƙa jirgin dattijo ne a ikkilisiyarmu, kowa Baba Kafinta yake ce masa. Rabin bencinan da muke zama a kai ranar Lahadi aikin hannunsa ne. A bakin Binuwai ya tashi, wajen Numan, don haka ya san kwalekwale tun yana yaro, ba kamar yawancinmu ba da sai a hoto muke ganin ruwa mai faɗi. Da fastonmu ya dawo daga ziyarar Isra'ila, ya zo da wani ɗan littafi mai hotuna da awon wani tsohon jirgi, Baba ya are shi, bai mayar ba sai bayan shekara biyu.

Labarin jirgin na ainihi ya isa a ba da shi. A farkon shekarar 1986 fari ya sa ruwan Tekun Galili ya janye, sai waɗansu masunta biyu, wa da ƙane, daga Ginosar suka ga alamarsa a cikin taɓo. Tsawonsa mita 8.2, faɗinsa mita 2.3. Binciken masana ya nuna an yi amfani da shi tsakanin ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Almasihu da ƙarni na ɗaya bayanta. Babu sunan kowa a jikinsa, saboda haka muna roƙon malaman Makarantar Lahadi kada su ce wa yara jirgin Bitrus ne. Abin da za su iya faɗa da gaba gaɗi shi ne, irinsa masuntan wannan zamani suke shiga. Yawancin falankansa na itacen al'ul ne, amma an sami itatuwa aƙalla iri 10 a jikinsa, domin jirgin talaka ne, an yi ta yi masa faci da duk abin da hannu ya kai gare shi. A cikinsu har da kurna, kurnar nan da muke jifan 'ya'yanta muna yara. Da aka tono shi katakon ya yi laushi ƙwarai, sai da aka naɗe shi da wani kumfa mai daskarewa kafin a iya motsa shi, aka jiƙa shi shekaru cikin wani irin kaki, yanzu kuma yana zaune a kan ƙarafan da aka ƙera daidai jikinsa a gidan tarihi na Yigal Allon da ke Ginosar.

Baba ya rage awon sau 10, nasa ya zama santimita 82 a tsawo, 23 a faɗi. Falanki-falanki ya haɗa shi, da haƙarƙarinsa a ciki, ya sa guntun kurna a ƙashin baya. A can ƙarshen jirgin akwai ɗan matashin kai da bai fi ɗan yatsa ba, Mama ce ta ɗinka, saboda a Markus sura 4 a nan ne Ubangiji yake barci sa'ad da hadari ya taso wa almajirai. Bai daɗe da gamawa ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, hannun dama ya daina aiki. Jirgin ya yi watanni a kan kabad, an tokare shi da filo, har wani haɗi a gefen hagu ya fara buɗewa. Da Baba ya ce ya ba Makarantar Lahadi kyauta, kowa ya gane cewa wannan ne na farko, shi ne kuma na ƙarshe.

Tun a zaman farko ra'ayi ya rabu. Ma'ajinmu, wanda ya koyar da ajin 'yan shekara 6 ya kuma san halinsu, ya ce a huda ƙashin baya wuri biyu, a zura sandunan tagulla, a ɗaure da noti ta ƙarƙashin allo. Ba shirme ya faɗa ba. Haka masu wannan sana'a da yawa suke yi, jirgin ya tsaya kamar yana shawagi, a ga jikinsa duka, ko an ture tebur ba zai faɗo ba. Wasu kuma suka ce a yi masa gurbi kawai ya zauna a ciki. Aka yi ta ja har aka ce a je a ji ta bakin mai abu.

Maganar Baba a hankali take fita yanzu, sai an kasa kunne. Ya ce, "'Ya'yana, kada ku huda shi. Ƙashin nan bai kai kaurin ɗan yatsa ba, in kun huda shi kun raunana shi. Kuma ban yi shi don ido kaɗai ba. Yaro ya ɗaga, ya ji nauyinsa, ya leƙa ciki."

Ma'aji ya ce, "Baba, in ya faɗi fa?"

Ya ce, "In ya faɗi ku gyara. Na ainihin ma faci ne a jikinsa ko'ina."

Ba dukanmu ne hankalinmu ya kwanta ba, har yau ma akwai wanda gabansa ke faɗuwa in ya ga yaro ya miƙa hannu. Amma abin nasa ne, shi ya san dalilin da ya yi shi, aka tsaya a kan gurbi.

Wani ɗan'uwanmu mai karatun injiniya ne ya sauya mana zanen. Da farko tokara biyu muka zana, ɗaya gaba ɗaya baya. Sai ya ba mu labarin Victory, tsohon jirgin yaƙin Ingila na katako da aka saka a ruwa a 1765. Tun 1922 yake zaune a busasshen ramin gyaran jirage a Portsmouth, a kan manyan tokaran ƙarfe 22. Da shekaru suka tura sai aka ga jikinsa yana lotsawa yana kumbura tsakanin tokara da tokara, domin wurare kaɗan ne ke ɗauke da abin da ruwa ya saba ɗauka ta ko'ina. Aka canza su da ƙananan sanduna 134, aka gama a 2020, kowace tana auna nauyin da ke kanta, ana kuma iya daidaita ta. Namu bai kai buhun gari nauyi ba balle a yi zancen 134, amma darasin ɗaya ne. Muka ƙara wani dogon katako mai kwari a tsakiya, wanda ƙashin baya zai kwanta a ciki kusan rabin tsawonsa. Nan ne nauyi zai sauka, domin nan ne ƙarfin jirgi yake. Tokaran nan biyu aikinsu kawai su hana shi karkata.

Katakon ma sai da aka yi shawara. Na kasuwa, ko an rantse maka ya bushe, sau da yawa da sauran ruwa a cikinsa, hunturu na zuwa sai ya murɗe. Baba ya tuna mana da wani tsohon benci na maɗaci da ƙafarsa ta karye, yana jingine a bayan ofishin fasto. Shi ya yi shi tun wasunmu ba a haife su ba. Muka nemi izinin dattawa, muka duba ko gara ta taɓa shi, ba ta taɓa ba. Daga cikinsa muka yanke allon ƙasa, santimita 60 a tsawo, 26 a faɗi, 3 a kauri. Da gangan muka bar shi da nauyi, kuma ya ɗan fi jirgin faɗi, don in an ture daga sama gindin ya riƙe.

Abin da ya ci lokaci shi ne ɗaukar siffar cikin jirgin. Ba za ka sa tef ka auna gantsarwa ba. Baba ya sa muka nemo wayar lantarki mai kauri, muka fere robarta, muka lanƙwasa tagullar a hankali a jikin jirgin, a daidai inda haƙarƙari yake ta ciki. Wannan ya nanata shi sau uku: tokara ta zauna inda akwai ƙashi a bayan falanki, in ba haka ba wata rana za ta lotsa shi. Muka ɗora wayar a kan kwalin taliya, muka bi da fensir, muka yanke da almakashi, muka gwada. Gaba da baya siffarsu ba ɗaya ba ce, kuma wani abin da ya ba mu mamaki, dama da hagu ma ba su zo daidai ba. Aikin hannu ne, gefen hagu ya ɗan fi cika da kamar milimita 3. Wata 'yar'uwa ta ce a yanke tokarar daidai wa daida don ta fi kyau, a ɗan goge jirgin ya shiga. Baba ya kaɗa kai. Ba a goge jirgi saboda mazauni. In aka ɗauke jirgin aka dubi tokarar nan ita kaɗai, za a ce ɗan koyo ne ya yanka ta, a karkace take. Sai an ɗora shi ake ganin dalilinta.

Kwali 7 muka yanka kafin Baba ya yarda a taɓa maɗaci. Bayan zarto kuma sai samfefa. Dabarar ita ce a ɗora jirgin, a haska tocilar waya ta baya, a duba ta gaba. Inda haske ya ratso, akwai tazara. Inda ya toshe, nan ne katako ke taɓa katako, nan za a goge kaɗan, a sake ɗorawa. Ɗorawa da ɗaukewa, ɗorawa da ɗaukewa, Asabar guda cur ta tafi a haka. Masu gaggawa cikinmu sun sha wuya ranar. Ya kuma hana mu fiƙe bakin tokaran su yi siriri, ko da yake sun fi kyan gani a haka, domin a wurin zaren katakon gajere ne, ɗan bugu kaɗan zai ɓalle shi.

Da muka kai inda haske ya daina ratsowa muna murna, sai ya ce a ƙara gogewa, a bar tazarar kaurin kwali a kowane gefe. Muka dubi juna. Ya tambaye mu ƙofar ɗakinmu yaya take yi a watan Agusta. Kowa ya sani, sai an sa kafaɗa take rufuwa, a watan Janairu kuwa iska ke kaɗa ta. Katako ko ya shekara 50 bai daina numfashi ba, yana sha da damina ya kumbura, ya saki da hunturu ya tsuke, kuma a faɗi yake wannan motsi, a tsawo kusan ba ya yi. Mu kuwa a tsakiyar rani muke aikin, lokacin da jirgin ya fi tsukewa. In muka yi masa gurbi cif-cif yanzu, damina na sauka zai nemi wurin buɗewa ya rasa, abin da aka yi don ya riƙe shi shi ne zai tsaga shi. Tazarar muka cike da gammo, wato 'yan guntayen tsohon bargo mai laushi, wanda zai lotsa in jirgin ya kumbura ya kuma taso in ya tsuke.

Wannan dalilin ne ya sa ba a shafe gindin tokaran da gam duka ba. Zaren allon ƙasa a tsawo yake tafiya, na tokara kuwa a gicciye, to in aka manne su kaf ɗayan zai ja ɗayan har wani ya fashe. A tsakiya kaɗai muka sa gam da turaku biyu na katako, gefunan muka bar su su zame yadda suke so. Ƙusa ko ɗaya babu, saboda tsatsarta takan baƙanta katako in laima ta yi yawa.

A waɗannan Asabar ɗin ne wani abu ya riƙa yi mana yawo a zuciya, har muka tattauna shi a zaman addu'armu na Laraba. Mutumin da ya shekara 40 da wani abu yana aiki, sana'arsa ita ce ruwansa. Ita ke tashinsa da safe, ita ke kawo masa mutane, ita ke sa a nemi shawararsa. Rana ɗaya ciwo ya fito da shi tudu. Ikkilisiya ta iya ziyara, ta iya kai shinkafa da sabulu da addu'a, kuma Allah ya sāka wa masu yi, domin gidan Baba sun ci moriyarsu. Sai dai akwai taimakon da yakan zo da awonsa tun daga gida, ya ce wa mutum zauna, kada ka motsa, an ɗauke maka komai. Mai yinsa da ƙauna yake yi, amma ƙarshensa mutum ya wayi gari ba mai tambayarsa komai sai yaya jiki. Mama ta faɗa mana cewa ranar Asabar tun da asuba Baba yake neman hularsa, ya sa a fito masa da kujera ƙofar shago, alhali sai ƙarfe 10 muke zuwa. Ba mu kai masa ko ƙwayar shinkafa ba a ranakun nan. Tambayoyi muka kai masa, ya yi mana faɗa, ya sa muka sake yankan kwali. Hannun ne ya tafi, idon da kan suna nan daram, kuma a nan ƙarfinsa yake. Cikin zumuntarmu akwai wanda ya gama makaranta shekara 3 babu aiki, akwai waɗanda rikici ya raba da garinsu suka zo suka zauna tare da mu. Kowannensu da siffarsa, wani gefen ya fi wani cika, ba kuwa za a san ta ba sai an matso kusa an zauna.

Sauran aikin bai da wuya. Fenti mai ruwan zinariya da wasu suka so, ba a yi ba, don kada ido ya bar jirgi ya koma kan gindinsa. Kakin zuma muka narka muka shafa, sama da ƙasa da gefuna duka, domin allon da aka shafe fuskarsa ɗaya kawai yakan lanƙwashe. Muka sa filam muka tabbatar jirgin ya zauna yadda zai zauna a ruwa, goshi bai duƙa ba, baya bai nutse ba. Zancen rubuta sunayen 'yan kwamiti a gaba ma ya taso, ya kuma mutu da kansa. Ɗan allon da ke gaba abu uku kawai ya faɗa: jirgin masuntan Galili, an rage shi sau 10, Markus 4:35-41. Baba ya rubuta sunansa da fensir a ƙarƙashin allon ƙasa, inda kafintoci suka saba sa hannu, da hannun hagu. Ya ɗauke shi kusan minti 5, ba wanda ya ce bari in taya ka.

Tsayin tebur ne gardama ta ƙarshe. Manya sun so a kai shi sama inda hannu ba ya kaiwa. Muka kira wata yarinya 'yar shekara 6 muka tsayar da ita, muka yi ta rage tsayi har sai da ta ce ta ga matashin kan. A santimita 50 ta gan shi, a nan muka tsaya. Teburin yana jingine da bangon da rana ba ta bugu, nesa da taga, saboda zafin rana ta gilashi yana busar da katako fiye da kima yana kuma kashe gam. Dokar ɗagawa biyu ce, malamai su lura: da hannu biyu ta ƙarƙashi, ba a kama doguwar sandar tsakiya, kuma yaro yana zaune a tabarma ake miƙa masa.

Haɗin nan na gefen hagu da ya buɗe har yanzu ba a rufe shi ba. Baba ya ce a bari damina ta sauka tukuna a ga iyakar inda zai koma da kansa, sa'an nan a san abin da ya rage na gyara. Ya zaɓi mutum biyu cikinmu, mace da namiji, ya fara koya musu yadda ya haɗa falankan, domin ranar da za a bukaci faci a sami mai yi. Akwai wurin mutum ɗaya kuma, duk mai so ya ga sakataren zumunta bayan sujada, amma ya zo da shirin Asabar da yawa. Ku ci gaba da sa Baba da Mama cikin addu'a, musamman zuwansa asibiti na gashin hannu ranar Talata. Wanda kuma yake da mota ko Keke, ana neman mai kai su a makonni biyu masu zuwa.